Arvo Koskela, Sarkin Mukullai

Mijin yayata, Arvo Koskela, mutum ne da bai taɓa yarda da kowa ba, kuma ya ɗauki wannan halin nasa a matsayin ilimi. Tun yana saurayi aka ba shi riƙon sito a ma'adinan ƙarfen da ke bayan garinmu, nan arewacin jihar Minnesota, shi ke ba ma'aikata safar hannu da tocila da ƙusoshi. Aikin da ya yi ke nan har ya yi furfura. Amma in ka ga yadda yake tafiya da tarin mukullai a ƙugu suna kacau-kacau, sai ka rantse shi ya haƙa ramin da hannunsa. Waɗanda suka yi aiki da shi har yau suna ba da labarin yadda mutum zai zo neman sabuwar safar hannu, Arvo ya ce sai ya kawo tsohuwar, ya juya ta ciki da waje, ya zura yatsa a hujin, sannan ya miƙa masa abarsa ya ce ai da sauranta.

Yayata Marlys ba ta taɓa ganin laifinsa ba. Ita a kicin ɗin makarantar firamare ta yi nata aikin, tana dafa wa 'ya'yan mutane taliya da dankali har ƙafafunta suka kumbura. Duk abin da Arvo ya yi, magana ɗaya ce a bakinta: "Baban Kirsti mutum ne mai tsari." Na ji wannan maganar har ta fita raina. Kirsti ita ce 'yarsu tilo, kuma tana gama makaranta ta tattara ta koma Seattle, can bakin teku, iyakar inda ƙasa ta ƙare. Ban taɓa tambayarta dalili ba, don ni ma na ci abinci a teburin ubanta.

Ranar da ya yi ritaya aka karɓe mukullan, sai mutum ya rasa inda zai sa kansa. Ya kulle gareji. Ya kulle rumfar itace. Har injin daskarar da nama ya saya wa kwaɗo. Wannan fa a garin da mutum ke barin motarsa a kunne, mukulli a jiki, ya shiga kanti ya yi hira ya fito. Rabin gidajen unguwarmu masu su ba su san inda mukullin ƙofarsu yake ba.

Ana nan sai aka gayyato wata mata laburaren gari ta yi wa tsofaffi bayani kan ɓarayin intanet. Mu mun je ne saboda kofi da kek. Arvo kuwa ya zauna a layin gaba, ya yi tambaya har matar ta fara duba agogo, ya dawo gida idonsa na ƙyalli. Ya sami sabon sito.

Zan faɗi gaskiya, yawancin abin da ya yi daidai ne, rigakafi ya fi magani. Ya sayi ƙaramar kwamfuta ta harkar banki kawai, ya ajiye ta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa kusa da tukunyar ɗumama gida. Ba a buɗe saƙon imel a kanta, ba a wasa, ba a duba hoton kowa. Kowace Talata sai ya sabunta manhajojinta kafin ya taɓa banki. Ya canja kalmar sirrin da akwatin intanet ya zo da ita daga kamfani, ya liƙe idon kyamara da salatif, ya ƙirƙiri kalmar sirri mai tsawo, ya kuma sa ba a shiga asusu sai da wata lamba da ke fitowa a wayarsa. In saƙo ya zo da sunan banki yana cewa a taɓa nan, ba ya taɓawa. Ni ma na kwaikwayi da yawa daga ciki a gidana, ban dai faɗa masa ba, don kada kansa ya ƙara kumbura. Abin da na tsana shi ne yadda ya mayar da abin sarauta. Ranar Talata in ya sauka ɗakin nan, sai ya ja ƙofa, Marlys ta rage muryar rediyo, ta riƙa tafiya a hankali.

Daga nan ya rufe asusunsu na ƙaramin bankin gari, inda Marlys kan shiga ta gaisa da 'yan matan da ta ciyar suna yara, ta ɗauki alewa a kan kanta. Ya ce 'yan matan nan ya san iyayensu, bakinsu ba ya riƙe magana. Ya mayar da komai wani banki da ba shi da gini ko ɗaya a duniya, sai a intanet. Fanshonsa can, fanshon Marlys can. Ya ba ta kati, amma katin kullum a kulle yake daga cikin wayarsa, sai za a yi amfani da shi ya buɗe.

Na sha raka ta kanti, na ga abin da idona. Sai an gama lissafa kaya, mutane na layi a bayanta, ta ciro 'yar tsohuwar wayarta.

"Baban Kirsti, na iso wurin biya."

"Me kika saya?"

"Abin da na faɗa maka ne da safe."

"Man shanun nan da aka saya wancan makon fa?"

"Ya ƙare."

"Ikon Allah. To na buɗe. Kina gamawa ki kira ni in rufe."

Ta juya ta yi wa mutanen layi murmushi, ta ce mijinta mutum ne mai tsari. Ni kuwa kunya kamar in nutse, na tsaya ina karanta bayan gwangwanin wake.

Wata Lahadi bayan coci muna shan kofi a gidansu, yana ta cika baki. Tsakanina da shi dama ba a raga wa juna, ƙanwar mata ce ni, ina da wannan damar kuma ban taɓa barinta ta lalace ba.

Ya ce, "Lorna, ke fa na san kalmar sirrinki. Sunan kyanwarki ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kyanwata ta fi ka sirri."

"Ki yi ta dariya. Tambayoyin nan da banki ke yi wa mutum, sunan karenka na farko, garin da aka haifi uwarka, ku gaskiya kuke ba su. Wawanci ne. Kowa a garin nan ya san sunan karena. Ni ƙarya na shirga musu, kowace tambaya da tata ƙaryar."

"A ina ka ajiye ƙaryar?"

Ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa.

Na ce, "To, injiniya, in ka faɗi ka mutu fa? Yaya ta ci ƙasa?"

"Ban shirya mutuwa ba."

"Ka koya mata mana. Ka sa lambar ta riƙa zuwa wayarta ita ma."

Ya ajiye kofinsa, ya dube ni irin kallon da yake yi wa mai neman safar hannu. "Kowane mutum ka ƙara, ƙofa ka ƙara wa ɓarawo."

Marlys ta tura mini farantin kek don ta toshe mini baki. Ta ce, "Ke dai Lorna, bar shi. Asusun ai namu ne mu biyu, shi dai ke riƙe da mukulli."

Arvo ya kau da kai, ya ɗauki kek.

A shekarar ne Kirsti ta sami ciki. Ba shi ne na farko ba, waɗanda suka gabata duk sun zube, shi ya sa kowa yake cikin fargaba. Mijinta Desmond a jirgin kamun ƙaguwa yake aiki a tekun Alaska, kuma lokacin haihuwar ya faɗo daidai tsakiyar hunturu, sanda ba ya ƙasa. Kirsti ba mai roƙo ba ce, ta gaji taurin kan ubanta, amma ta kira uwarta ta ce, "Mama, ina jin tsoro. Kada ki bari in shiga ɗakin nan ni kaɗai." Marlys ta yi mata alkawari. Ban taɓa ganin yayata ta ƙwallafa rai a kan wani abu irin wannan ba. Ta saƙa huluna da safa har sun fi ƙarfin jariri ɗaya, ta shirya jakarta tun da sauran makonni, ta ajiye ta a bakin ƙofa. Tikitin jirgi kawai ya rage. Duk Talata sai ta tuna masa, duk Talata sai ya ce ba a gaggawa da irin wannan, yana nazarin shafin kamfanin jirgin, bai gama gamsuwa da tsaronsa ba.

Mazan garinmu in tafki ya daskare hankalinsu ya tafi. Kowa ya ja 'yar bukkarsa ta katako da mota zuwa tsakiyar ƙanƙara, ya huda rami, ya zauna a kan bokiti da fatsa yana jiran kifi. Akwai doka ɗaya da ko yaron goye ya sani: duk abin da kake so, kada ka sa shi a aljihun ƙirji ka sunkuya kan rami. Ƙasan tafkin nan cike yake da tabarau da mukullai da haƙoran roba na kakanninmu. Masu hankali a mota suke barin waya.

Arvo ya tafi da abokinsa Stan Vukelich, wanda shi kaɗai ke iya jure zama da shi a bukka ɗaya, don kunnensa ɗaya ba ya ji. Vukelich ne ya ba ni labarin daga baya. Ya ce da suka isa ya ce wa Arvo, "Mutumina, bar wayar nan a mota." Arvo ya ce shi ba ya barin bankinsa a mota. A tsakiyar tafki fa, inda babu mai rai sai su da hankaki. Vukelich ya ce to ya kawo ya sa masa a akwatin kayan fatsa. Arvo ya ce bai taɓa ba wani wayarsa ba, ba kuma zai fara yau ba. Ya cusa ta a aljihun ƙirji, inda zai riƙa jin ta a jikinsa. Can wani kifi ya ja, Arvo ya sunkuya ya leƙa, wayar ta sulale ta bi ramin. Vukelich ya ce sun ga haskenta yana juyi yana nisa har ya ɓace, kifin ma ya kuɓuce.

Da mai hankali ne, da yana dawowa gida ya faɗa wa matarsa. Arvo ya sa Vukelich ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba, ya ce wa Marlys batirin wayar ne ke ciwo, ya ajiye ta ta huta. Ya kuma ce kada ta wahalar da kanta zuwa kanti cikin sanyin nan, a ci abin da ke cikin injin daskarewa. Har ta kira ni tana murna, wai Baban Kirsti ya fara tausayin ƙafafunta.

Shi kuwa yana ƙasa yana fama. Kwamfutar lafiyarta ƙalau, kalmar sirrin ma yana tune da ita, amma banki ya ce sai lambar da ke cikin waya. Ya ce a turo ta imel, imel ɗin ma ya ce sai lambar waya, don shi da kansa ya ɗaure shi haka. In ya ce zai sayi sabuwar waya, da me? Katinsa a kulle, na Marlys a kulle, mabuɗinsu yana ƙasan tafki. Kuɗin hannu kuwa dama ya hana ajiyewa a gida, wai kiran ɓarawo ne. Kowane mukulli ya kulle shi a cikin ɗan'uwansa. Kiran bankin ta wayar gida bai fi ƙarfinsa ba, amma Marlys za ta ji, shi ya sa ya yi ta jinkiri yana jiran ta fita.

Ba ta kai ga fita ba, aka kira daga Seattle da sassafe. Kirsti ce. Naƙuda ta taso kafin lokacinta, jininta ya hau, an kwantar da ita, likitoci sun ce mai yiwuwa haihuwar sai gobe. Rediyo kuma tun jiya yake shelar cewa guguwar dusar ƙanƙara za ta iso da yamma. Akwai jirgin da ke tashi daga birnin Duluth da rana, kuma da lokacin kama shi in an tashi da wuri. Marlys ta sa kwat ɗinta, ta kira kamfanin jirgi ta wayar gida, aka ce da sauran kujera, ta karanta musu lambar katinta. Aka ce kati bai amsa ba. Ta ce wa Arvo ya buɗe. Ya ce ta ba shi minti ɗaya, ya ja wayar gidan ya sauka ƙasa.

Gidana da nasu tafiyar ƙafa ce. Da ta kira ni a lokacin, da ta kama jirgin nan da sauran lokacin shan kofi. Ba ta kira ba. Mijinta ya ce minti ɗaya, kuma ta ƙi jinin in ji cewa tsarinsa ya sami tangarɗa, don ta san bakina. Rufin asirin miji ya sa ta zauna tana kallon agogo.

Ni da ban gan ta a wurin ɗinkin barguna na matan coci ba, sai na biya bayan an tashi. Sama ta riga ta yi baƙi. Na same ta zaune a kan matakalar ɗakin ƙasa, kwat a jiki har da hula, jakar a gefenta ta riƙe hannunta gam. A ƙasa Arvo na gaban kwamfutarsa, gumi a goshi, ya buɗe lasifikar waya. Ashe ya shafe safiyar yana jiran layi, in an ɗauka ya yi wa mutum faɗa a yanke, ya sake kira. Yanzu ya sami wata mata mai sanyin murya.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, zan yi maka tambayoyin da ka zaɓa da kanka. Mene ne sunan karenka na farko?"

"Musti."

"Yi haƙuri, ba shi ba ne."

"Karena ne ko naki? Musti sunansa." Sai ya tuna. "A'a, tsaya. Tarakta."

"Ba shi ba ne."

"To Shebur."

"Ranka ya daɗe, bari mu gwada wata. A wane gari aka haifi mahaifiyarka?"

Ya rufe ido, leɓensa na motsi. Na jingina da bango na ce, "Injiniya, ƙwanƙwasa goshin mana, ko za ta faɗo." Bai ko waiwayo ba. Ya ambaci wani gari, ba shi ba. Ya ambaci sunan wani kifi, ba shi ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle wadda mutum ya yi ya manta.

Matar ta ce ba za ta iya ci gaba da tambaya ba, za su aiko masa da saƙo ta gidan waya, in ya iso ya sake kira, zai ɗauki kwanaki. Marlys ta miƙe tsaye. Ta sauko, ta sunkuya kusa da wayar, ta yi magana da ladabin nan nata na kicin.

"Baiwar Allah, ni ce matarsa, Marlys Koskela. Asusun namu ne mu biyu. Ki tambaye ni duk abin da kike so, ni gaskiya zan faɗa miki. 'Yata ce ke asibiti."

Muka ji ƙarar madannai.

"Mama, ki yi haƙuri ƙwarai. Ba zan iya magana da ke a kan wannan asusun ba. Suna ɗaya ne a kansa."

Marlys ta miƙe a hankali. Tun haihuwar Kirsti ban ji ta kira shi da sunansa ba sai ranar.

"Arvo, fanshona ina yake shiga?"

"Nan mana."

"Da sunan wa?"

"Don tsaro ne, Marlys. Katinki ai yana aiki a ƙarƙashin nawa. In an sa suna biyu, ƙofa biyu ke nan, na sha faɗa miki."

Ta dube shi, ta dubi 'yar kwamfutar da salatif a idonta. Ta hau sama. Na so in zage shi tas, amma na ga ɓata yawu ne. Na ɗauki jakar na bi ta.

A kicin na ciro katina na kira kamfanin jirgi. Na rana ya tashi tuni, na yamma an soke. Na ce to mu kama hanya da mota zuwa babban birni, ko can a dace. Ba mu wuce gidan mai na bakin gari ba muka tarar an tare hanya, dusar ƙanƙara na zuwa a kwance, ko fitilar motar gaba ba a gani. Muka juyo. Ta ce in kai ta gidana.

Washegari aka yi wa Kirsti aiki. Wata maƙwabciyarta ce ta raka ta har ƙofar ɗakin, matar da ba su fi gaisuwar matakala ba. Aka ciro 'ya mace, 'yar mitsitsiya amma lafiya lau, aka sa mata Aili, sunan mahaifiyarmu. Marlys a wayata ta ji kukan jikarta na farko, tana zaune a kicin ɗina, har lokacin ba ta cire hular ba. Da Kirsti ta farfaɗo ta ce, "Mama, na yi ta kallon ƙofa," yayata ta ajiye wayar a kan tebur ta shiga banɗaki ta kunna famfo. Na ji tausayinta har cikin ƙashina, kuma na ji haushinta, duka a lokaci guda.

Da hanya ta buɗe Marlys ta tafi Seattle, ba ta dawo ba sai da ƙanƙarar tafki ta narke. Arvo ya rayu a kan kwanukan taliya da nama da matan coci suka riƙa kai masa, don a garinmu ko kura ce matarta ta yi tafiya sai an kai mata kwano. Saƙon banki ya iso, ya buɗe asusunsa, ya sayi sabuwar waya ya ɗaura mata igiya a wuya. Kada ka ce ya ji kunya. A shagon kofi na ji shi da kunnena yana gaya wa tsofaffin ma'aikata cewa abin da ya faru ya tabbatar da ingancin tsarinsa. "Ni kaina mai abin ban iya shiga ba, balle ɓarawo." Vukelich ya juya masa kunnen da ba ya ji.

Ni na gyara wa Marlys ɗaki a gidana, na sa sabon labule, na ɗauka ta gama da shi. Da ta dawo ta gode mini, ta wuce gidan mijinta. Abu ɗaya dai ya canja. Ta koma ƙaramin bankin gari, ta buɗe asusu da sunanta, ta mayar da fanshonta can. Kirsti ta ba ta wata kwamfuta, ta koya mata. A kan teburin kicin take ajiye ta, a fili. Tana sabunta manhaja, ba ta taɓa saƙon da ba ta san mai shi ba, lamba na zuwa wayarta, kuma in wayar ta ɓata ta san ƙofar da za ta shiga a gane fuskarta.

Sai kuma ta gaya mini ta sa sunan Arvo a kan asusun.

Na ce, "Yaya, kanki ɗaya kuwa?"

Ta ce, "In na faɗi, wa zai saya masa burodi? Na ji yadda abin yake, Lorna. Ba zan yi wa kowa ba."

Na ƙyale ta, abin da ba kasafai nake yi ba.

Lahadin da ta biyo muna shan kofi a teburin nan, ta ce masa ya ajiye jarida ya saurara, za ta faɗa masa kalmar sirrinta, ya riƙe ko da wani abu zai faru. Ta faɗa a hankali, tana kallon idonsa: jaka, matakala, hula, sai lambobi huɗu. Ina jin lambobin na gane su, wata ne da rana, ranar da aka haifi Aili. Kofin hannuna na ajiye.

Arvo ya maimaita a bakinsa, ya gyaɗa kai irin na malami.

"Ba laifi. Kalmomi ne da ba su da alaƙa da juna, lambar ma ba ta da wata ma'ana, ɓarawo ba zai cinka ba. Ashe kina jin abin da nake faɗa." Ya nuna ni da cokali. "Kuskurenki ɗaya, kin faɗa a gaban wannan uwar bakin."

Marlys ta ɗauki butar kofi ta ƙara masa.

Ta ce, "Lorna ai ta riga ta sani. Tana wurin."

Ya ce, "Wane wuri?"